Tambayi Anti Nas: Allurar Sinawa da zafin ɗinki bayan aikin mahaifa

Tambaya

Assalamu alaikum Anti Nas, ya aiki, ya sanyin garin namu? Shekarata 37, ina da yara biyu, ina koyarwa a makarantar firamare. Shekara uku ke nan ina fama da ƙarin mahaifa. In al'ada ta zo sai jini ya yi ta zuba, har sau biyu ana yi mini ƙarin jini. Yanzu likita ya sa ranar aiki nan da mako biyar, ya ce yanka cikin za a yi a cire ƙarin a bar mahaifar. Anti, aikin bai ba ni tsoro kamar abin da zai biyo bayansa ba. Lokacin da aka yi mini aiki a haihuwar ɗana na biyu kwana biyu na yi ina amai, duk yunƙurin da na yi sai in ji kamar ɗinkin zai farke. Sannan ina da ƙani da ya yi haɗarin babur aka riƙa yi masa allurar kashe ciwo mai ƙarfi da ake kira fenta, yau shekara huɗu ya kasa rabuwa da ita, cinyoyinsa duk gyambo. Wata ƙanwar mijina da ke aure a Abuja ta ce akwai inda ake tsira wa mutum ƙananan allurai irin na Sinawa, babu magani a ciki, kuma ciwo ya tafi. Ta ce in na yi ba sai na sha komai ba. Shin gaskiya ne? In gaskiya ne zan gaya wa likita kada a ba ni maganin ciwo ko ɗaya.

Malama, daga Unguwar Rogo, Jos

Amsa

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya sa a yi aikin a sa'a, ya kuma yaye wa ƙaninki. Maganarki ta ƙarshe ce ta sa na ture sauran wasiƙu na fara da taki. Don Allah kada ki je wa likita da ita. Allurar Sinawa tana da amfaninta, zan kuma faɗa miki shi ba ragi ba ƙari, amma ba ta kai ta riƙe cikin da aka yanka ita kaɗai ba. Duk wanda ya ce miki ta kai, ba shi zai kwana a gadon ba.

Da yawa cikin masu karatu ji kawai suke yi, ba su taɓa ganin abin ba. Turawa na ce masa akufanca. Allurar ba irin tamu ta asibiti ba ce mai rami da ake ɗura magani. Siririya ce ƙwarai, galibi kaurinta wajen rubu'in milimita, kamar silin wutsiyar doki. Ana tsira ta a wasu keɓaɓɓun wurare a bar ta minti 20 zuwa 30, wani lokaci a ɗan murza, wani lokaci a jona ta da 'yar na'ura mai batir da ke sakin wuta kaɗan-kaɗan. Ni kaina an taɓa yi mini a Abuja saboda gwiwar nan tawa da sanyin Jos ya sa a gaba. Shigarta ba ta kai cizon cinnaka ba. Abin da ya biyo baya wani nauyi ne da tsami a naman wurin, irin na wanda ya sha doguwar tafiya a ƙasa. Gwiwar ta lafa 'yan makonni, hunturu na dawowa ita ma ta dawo.

Sinawa sun haura shekara dubu biyu suna wannan aiki, suna kuma da nasu bayanin: wai akwai wani ƙarfi da ke gudana ta wasu hanyoyi a jiki, in ya toshe sai ciwo ya zo. Masu nazarin sassan jiki ba su taɓa ganin waɗannan hanyoyi ba. Abin da aka gani shi ne allurar na taɓa jijiyoyin da ke kai saƙo laka da ƙwaƙwalwa, sai jiki ya saki nasa maganin ciwon da ake kira endofin, ɗan'uwan mofin ne, wato maganin ciwo mai ƙarfi na asibiti, amma haifaffen gida. Tun a shekarun 1970 aka gwada a kan ɓeraye, in an ba su maganin da ke toshe aikin mofin sai sauƙin da allurar ta kawo ya gushe. Ke ma kin san ƙanin wannan abu ba tare da an koya miki ba. In yaro ya buge goshi a aji murza wurin kike yi, saƙon murzar ya yi wa saƙon zafin cunkoso a hanya.

Labarin da ya sa duniya ta waiwayo kan wannan magani shi ma labarin tiyata ne, kuma ya yi kama da wanda ya iso ki. A 1971 wani ɗan jaridar Amurka, James Reston na New York Times, ya je Bejin sai afendis ya kama shi. Aka yi masa aiki da maganin kashe jiki irin na asibiti. A dare na biyu ciki ya dame shi da ciwo da kumburi, aka tsira masa allurai uku a gwiwar hannu da ƙasan gwiwoyi, ya ji sauƙi, ya rubuta a jarida. Da labarin ya bi baki sai ya koma wai da allura kaɗai aka yanka shi. Haka zance yake, yana barin mai shi da ɗan kwali ya isa wani gari da rawani.

Ga abin da aka auna. A 2002 wasu likitoci a Taiwan suka wallafa wani gwaji da ya yi kusa da halin da kike ciki. Mata 100 ne da za a yi wa aiki a mara, aka raba su gida huɗu, kowane gida 25. Gidan farko ba a yi musu komai ba. Na biyu aka tsira musu allura a ƙasan gwiwa amma ba a saki wuta ba. Na uku aka saki wuta mai bugawa a hankali, na huɗu mai bugawa da sauri, duka na minti 20 kafin a sa su barci. Bayan aiki aka ba kowacce na'urar mofin da take danna wa kanta in ta ji ciwo. Da aka lissafa a awa 24, gida na biyu sun sha ƙasa da na farko da kashi 21 cikin ɗari, na uku da kashi 43, na huɗu da kashi 61. Ragin ba kaɗan ba ne. Sai dai ko gidan da ya fi kowa samun ragi bai rabu da mofin ba. Kuma waɗanda aka yi wa rabin aiki su ma sun samu nasu rabon, wanda ke nuna cewa wani sashe na sauƙin daga kulawar da aka nuna musu ne da sa ran da suka yi. A 2008 likitocin Jami'ar Duke ta Amurka suka tattara gwaji 15 na bayan tiyata iri-iri, suka samu ragin ya kai wajen miligiram 8 na mofin a awa 24, alhali 'yar kwalbar mofin ɗaya miligiram 10 ce. Yawancin gwaje-gwajen ƙanana ne, kuma da wuya a ɓoye wa mutum ko an tsira masa allura ko ba a tsira ba, shi ya sa likitoci da dama ke ɗari-ɗari da sakamakon har yau.

Inda na fi son ki buɗe kunne shi ne maganar amai, don a nan ne maganin Sinawa ya fi tsayawa da ƙafarsa, kuma a nan ne kika sha wahala a baya. Likitocin barci suna da abu huɗu da suke dubawa su gane wanda zai yi amai bayan aiki: in mace ce, in ba ta shan taba, in ta taɓa amai bayan tiyata ko mota na juya mata ciki, da kuma in za a ba ta maganin ciwo dangin mofin. Wanda ba shi da ko ɗaya, mutum ɗaya cikin goma ke yi. Wadda ta haɗa huɗun, kusan takwas cikin goma. Ki lissafa da kanki. Yawancin matanmu da suka zo aikin mahaifa da biyu suke shigowa tun daga gida, wadda kuma ba ta iya wuce Hawan Kibo na hanyar Jos a mota sai da ledar amai a hannu ta cika uku.

Akwai wani wuri a hannu da Sinawa ke kira Neiguan. Ki juya tafin hannunki sama, ki jera yatsu uku na ɗaya hannun daga layin wuyan hannu zuwa wajen gwiwar hannu. Daidai inda yatsun suka ƙare, a tsakiya, in kin dunƙule hannu za ki ga jijiyoyi biyu sun taso. Tsakaninsu ne. A 2015 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta tace binciken lafiya, ta haɗa gwaji 59 na mutum 7,667, ta samu taɓa wannan wuri na rage tashin zuciya da amai bayan tiyata fiye da na bogi, kuma bai yi nisa da maganin amai na asibiti ba, duk da ta ce ingancin binciken bai kai yadda ake so ba. Abin daɗin shi ne ba dole sai da allura ba. Dannawa da babban yatsa ma tana cikin abin da aka gwada, haka warwaron roba mai maɓalli da ake sayar wa masu amai a tafiya. Shekarun da na yi a ɗakin farfaɗowa na sha riƙe hannun mace ina danna mata wurin nan minti biyu zuwa uku muna hira. Wasu ya yi musu, wasu sai da aka ƙara allurar amai. Ki koya wa wadda za ta yi jinyarki tun yanzu, ki ce mata ta kauce wa hannun da aka sa ƙarin ruwa.

Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ranar aiki za ki ga likitan barci, ko aƙalla ya leƙo ki daren da aka kwantar da ke. Ki gaya masa tiryan-tiryan cewa kin yi kwana biyu kina amai a aikin baya. Da wannan kalma kaɗai zai ba ki maganin amai kala biyu tun kina ɗakin tiyata, kamar ondansetiron da deksametazon, maimakon a jira sai kin fara kakari. Ki kuma gaya masa labarin ƙaninki kamar yadda kika gaya mini. Ba abin kunya ba ne, abin da yake bukatar sani ne.

Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, don haka ban ga laifinki ba kan fenta. Na ga irin ƙaninki ba ɗaya ba ba biyu ba, har cikin ma'aikatan asibiti. Sai dai ki dubi yadda abin yake kama mutum. Galibi ba allurar kwana ɗaya ko biyu a gadon asibiti ke yi ba. Bayan sallama ne, in aka ci gaba da saye a kemis, wani ɗan unguwa na zuwa gida yana yi, mako ya koma wata. Wannan ƙofar ce za ki rufe. Kuma yanzu ba a dogara da magani ɗaya. Ana ba da farasitamol giram 1 duk awa shida a kan agogo, ko ana jin ciwo ko ba a ji, kada ya wuce giram 4 a yini. Ana haɗawa da diklofenak, sau da yawa na matsi ta dubura, in babu olsa ko ciwon ƙoda ko asma kuma likitan fiɗa ya yarda jini ya tsaya. Ana iya zuba maganin kashe jiki a bakin yankan ko a bangon ciki kafin ki farka. In an yi wannan duka, abin da za ki bukata na fenta ko tiramol ko mofin ya ragu sosai, ya zama na cike gurbi a kwana ɗaya ko biyun farko da ciwo ya fi tsanani. Ki roƙi a tsara miki haka, ki ce kada a sallame ki da mai ƙarfin.

An ce wanzami ba ya son jarfa. Ni da na yi wa mata allura ba iyaka, da aka cire mini mahaifa na ƙi yarda a yi mini a daren farko. Girman kai ne kawai, kada yaran da na koya wa aiki su ga Anti na raki. Na kwana ina numfashi sama-sama don in na ja iska sosai ɗinki ya amsa. Tari ya zo na danne. Washegari aka ce in tashi in taka na kasa. A rana ta uku zazzaɓi ya rufe ni, ƙirji ya cika da majina, na ƙara kwanaki a gadon da ya kamata in bari. Ciwon da ba a kashe ba shi ke hana mutum jan numfashi da tari da tafiya, rashin waɗannan kuma shi ke kawo ciwon huhu, da gudan jini a ƙafa, da hanjin da ya ƙi motsi.

Wannan hali namu na mata yana ba ni haushi duk da ni ma na yi. A tambayi mace ya jiki, gumi na karyo mata, ta ce da sauƙi. Uwa ko suruka na gefe tana cewa yi dauriya, mu a zamaninmu a ɗaki muka haihu ko tari ba a ji ba. Nas ta rubuta da sauƙi ta wuce gado na gaba, tana da mutum ashirin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In an tambaye ki, ki ba ciwon maki kamar yadda kike ba ɗalibai, daga sifiri zuwa goma. In ya kai shida ko bakwai ki faɗa tun bai kai goma ba, don ciwon da ya riga ya hau ya fi cin magani. Ki kuma tafi da ɗan matashin kai, in za ki yi tari ko dariya ki rungume shi a kan ɗinkin.

In bayan duk wannan kina son a tsira miki allurar a matsayin ƙari, ban hana ki ba, amma sai da sanin likitan da zai yi aikin, kuma nesa da wurin yankan. Ni dai duk zamana a ɗakin mata ban ga an shigo da mai wannan aiki bakin gado ba. Batun a ɗauke ki da ɗanyen ɗinki a bi hanyar Akwanga da ke awa huɗu ko biyar don a tsira miki allura a Abuja kuwa, ramukan hanyar kaɗai za su cinye ribar.

Tambaya

Salam Anti. Shekaranjiya aka yi wa maiɗakina aikin cire ƙulli a ƙwan mahaifa, irin aikin da ake huda ciki a zura kyamara. An sallame mu jiya. Abin mamaki cikin bai dame ta ba, kafaɗarta ta dama ce ke ciwo har ba ta iya kwanciya. Hajiyarmu ta ce iska ce ta shige ta, a kira wanzami ya yi mata ƙaho. Wani abokina kuma ya ce ya san mai allurar Sinawa da zai zo gida ya tsira mata a kafaɗar. Wanne ya fi?

Magidanci, daga Rikkos, Jos

Amsa

Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Ka gaida Hajiya, ka ce mata ta canka, iska ce, sai dai ba wadda take nufi ba. A irin wannan aiki ana hura iskar kabon dayoksaid a ciki don ya buɗe likita ya ga abin da yake yi. In an gama ana fitar da ita amma 'yar kaɗan kan rage, ta taru a ƙarƙashin tantanin da ya raba ciki da ƙirji. Jijiyar da ke kula da wannan tantani daga wuya ta fito, wuri ɗaya da jijiyoyin kafaɗa, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka kafaɗar ce ke ciwo. Kafaɗar lafiyarta ƙalau. Jiki ne ke shanye iskar da kansa, galibi cikin kwana biyu zuwa uku. Ta riƙa zagaya tsakar gida, ta sha maganin da aka ba ta a kan lokaci, a ɗora mata tawul mai ɗumi a wurin.

Ƙaho ba zai zuƙo iskar da ke cikin ciki ta fata ba. Abin da zai zuƙo jini ne, daga jikin wadda aka yi wa aiki shekaranjiya. Ka kuma duba takardar sallamarku, in an yi mata ko an rubuta mata allurar hana daskarewar jini, irin wadda ake yi a fatar ciki, to duk tsaga ko huda na iya zubar da jinin da zai ƙi tsayawa. Allurar Sinawa a saman kafaɗa kuwa nan ne ɗaya daga wuraren da suka fi haɗari a wannan sana'a, domin kan huhu yana nan kusa ƙwarai, musamman ga mace marar jiki. In allura ta zarce ta huda shi sai iska ta shiga ƙirji huhun ya lotsa. Ba kasafai yake faruwa ba, amma shi ne babban haɗarin da aka fi rubutawa a kan wannan magani, kuma ba a ɗakin kwana ake gyara shi ba.

Abin da zai sa ku koma asibiti ba jira: in numfashi ya yi mata wuya ko ƙirji ya soke ta, in ciki ya kumbura tana amai ba ta fitar da iska, in zazzaɓi ya kai 38, in jiri na ɗibar ta idanu sun yi fari, in ƙwaurin ƙafa ɗaya ya kumbura yana zafi, ko in ciwon na ƙaruwa bayan kwana uku maimakon raguwa. Ko tsakar dare ne.

Tambaya

Anti Nas barka da aiki. Wata biyar da cire mini mahaifa. Ɗinki ya warke, amma gefen hagu na tabon yana mini zafi kamar ana ɗora garwashi, ko zani ya goga sai na ji. Akwai wata mata da ke zuwa unguwarmu tana yi wa mutane allurar Sinawa, na yi sau uku na ɗan ji dama. Sai dai na lura a cikin wani gwangwani take ajiye alluran, ta ce tana tafasa su. Ko in ci gaba?

Maman 'yan biyu, daga Bukuru

Amsa

Ki tsaya, ƙanwata, daga yau. Allurar wannan aiki sau ɗaya ake amfani da ita a jefar. Tana zuwa a liƙe cikin takardarta, a gabanki za a farke, a gabanki za a jefa ta a akwatin zubar da allurai. Tafasawa a tukunyar gida ba abin dogaro ba ce. Binciken da gwamnatin tarayya ta gudanar a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wato kusan mutum ɗaya cikin goma sha biyu, yawancinsu kuma ba su sani ba. Ki ƙirga matan da suka zauna a tabarmar nan kafin ke. Ki je a gwada miki ciwon hanta nau'in B da C da kuma cuta mai karya garkuwar jiki, ki faɗa musu ranar da aka yi miki na ƙarshe don su sa miki lokacin maimaitawa. In ba ki taɓa yin rigakafin ciwon hanta ba ki tambaya a fara miki. Nan gaba duk mai son tsira miki allura ki nemi ganin takardar rajistarsa. Hukumar kula da likitoci ta ƙasa, MDCN, da ke da hedikwata a Abuja, ita doka ta ɗora wa rajistar masu wannan aiki.

Shi kuma zafin da kika kwatanta, mai ƙuna, a gefe ɗaya na tabo, wanda ko zani ke tayarwa, ya yi kama da na jijiya. Akwai ƙananan jijiyoyi biyu da ke ratsa gefen mara daidai inda yankan kwance ke ƙarewa, wani lokaci zare ko tabo kan kama ɗaya. Farasitamol ba ya cika taɓa irin wannan ciwo, shi ya sa mata ke ɗauka ba shi da magani su shiga yawon neman taimako. Yana da shi. Akwai ƙwayoyin da aka tanada don ciwon jijiya, kamar amitiriftilin da ake sha kaɗan da dare, likita ne ke rubutawa. Akwai kuma allurar kashe jiki da ake yi daidai wurin, in zafin ya ɗauke nan take an gano mai laifin. Ki koma wurin wanda ya yi miki aikin, ki ɗora yatsa ɗaya a kan inda ya fi zafi ki nuna masa, ki kuma ce ya duba ko babu kumburin da ke fitowa a wurin in kin yi tari.